Cigiya a Rumfar Albasa

Ba zan taɓa mantawa da hutun damanar shekarar da na gama sakandare ba, kuma ko na so mantawa, matan unguwarmu a Goronyo ba za su bari ba. Har yau in na shiga gidan suna, kafin in cire takalmi wata za ta leƙo daga ɗaki ta ce, "Malama, an dai gano iyayen naki?" Sai a kwashe da dariya. Ni ma in taya su, don wadda ta taɓa zama daɓas cikin ruwan laka gaban jama'a ba ta da sauran abin ɓoyo.

Bari in fara da halina, tunda shi ya kai ni ya baro. Ba ni da haƙuri. Magana in ta zo mani baki ba na tauna ta, kuma abin da za a yi gobe, ni tun jiya nake son a gama shi. (Kakata ta ce ko ranar haihuwata ban jira ungozoma ba.) Na dawo daga makarantar kwana a Sakkwato ina jiran sakamakon jarabawa, kaina cike da ilimi har yana zuba, ga shi ba mai tambayata ko ƙarfe nawa. Zaman gida ya ishe ni tun ban gama kwance kayana ba.

Sai ga maganar Balki.

Balki ɗiyar Gwaggo Kulu ce, ƙanwar babana, wato taubashiyata. Tun tana rarrafe muke zagin juna da izinin al'ada: ni in ce mata baiwata, ita ta ce mani uwar ɗakina, da irin muryar da ake kiran akuya. Tana aji biyu na ƙaramar sakandare, Turanci ya kayar da ita, aka ce ta maimaita aji. Na iske ta a tsakar gidansu tana tsinkar zogale, ko ɗagowa ba ta yi ba ta ce:

"Ni dai na gama boko."

"Ke da ba ki fara ba, baiwata? Yaushe kinka gama?"

"In koma in zauna benci guda da ƙannen ƙawayena, ana nuna ni ana ga uwar aji? Ba ni yi. Kuma wa yad damu? Ran da na kawo takardar sakamako, gwaggonki ko kallonta ba ta yi ba. Cewa ta yi in ɗora bisa randa in zo in kama daka. Ko na koma ko ban koma ba, duk ɗaya na gare ta."

Babanta yana kudu, bin motocin albasa yake yi. Aka yi masa waya, ya ce abin da ta zaɓa shi ke nan. Na duba na ga in hutun nan ya ƙare Balki ba ta saka yunifom ba, to an rufe zancen har abada. Yarinyar da na san kanta ya fi nawa ja, bakinta ne kawai bai kai nawa ba.

Balki ɗiyar fari ce, matsalar ke nan. Mu nan uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yabonsa, in da mutane ma sai ta yi kamar ba ta san da zamansa a duniya ba. Kunya ce, haka aka taras. Ni ma ta fari ce. Tun da nake ban taɓa jin sunana a bakin Innata ba. In ina kusa "ke" ce ni, in ina nesa "ta Rimawa", don can aka kai ni yaye wurin kakata. Da can abin bai taɓa damuna ba, sai ranar ba da kyaututtuka a makarantarmu, da na ga wata uwa 'yar birni ta taso a guje ta rungume ɗiyarta gaban manyan baƙi, tana kiran sunanta tana share hawaye. Ni ma na ci kyauta ran nan. Babana ya aiko a ce mani madalla. Tun daga lokacin na yanke cewa rungumar nan ita ce ci gaba, mu kuma an bar mu a baya.

Don haka na shirya abu biyu: in buɗe karatun hutu ga 'yan matan ƙaramar sakandare na unguwarmu, in ja Balki ciki, sannan in gyara iyayenmu mata. Na biyun ban faɗa wa kowa ba.

Na bi gida gida ina jawabi kan muhimmancin ilimi. Ina sallama, kafin a gama amsa mani gaisuwa na kai tsakiyar jawabi. Matan suka saurara, suka ba ni fura, suka ce Allah shi kai mu. Ranar farko ni kaɗai na zauna da kaji. Sai can cikin mako yara suka fara ɓullowa, yau wasu gobe wasu, har wuri ya cika. Na ce a raina, ai dama magana mai nauyi sai ta kwana take shiga. (Ku riƙe wannan, don ni ma na riƙe shi, har na riƙa ba ƙawayena labari.)

Ajinmu rumfar albasar Hajiya Tumba ce, wata tsohuwar dillaliyar albasa da tafarnuwa wadda ko direbobin manyan motoci ke shakkar bakinta. Da damana rumfar fanko take, sai warin da ya kama ginshiƙai. Ta ba mu aro bisa sharaɗin za ta riƙa zama tana kallo, "don in ga mi ka cikin bokon ga da anka ɗauke muna yara saboda shi." Muka shafa wa tsohon ƙyaure baƙin batir ya zama allo. Duk yarinyar da ta koma gida, uwarta ta san inda ta fito tun daga zaure.

Gaskiya karatun ya yi daɗi, ko ni da nake yawan tsawa na sani. Muka shuka wake a gwangwanayen madara, wasu a rana wasu a ƙarƙashin gado, mu ga wanda zai fi. Muka kafa gwangwani a fili muna auna ruwan sama da rula. Sai na ƙirƙiro aikin gida wanda ba ya yiwuwa sai da iyaye: ki tsaya kan uwarki in tana kwaɓa masa ki ga yadda take daidaita gari da ruwa, ki bi babanki gona ki auna faɗinta da igiya, ki zauna gaban kakarki ki tambaye ta yadda ake ban ruwa kafin a gina dam ɗin Goronyo. Iyaye mata suka yi ta ƙorafi. Wata ta tare ni a hanya ta ce, "Malama, wanga boko naki ya biyo mu har murhu." Amma tsofaffi kam kamar an yi musu Sallah, don an daɗe ba a tambaye su komai ba sai ina kika ajiye ashana. Hajiya Tumba ta ƙwace mani aji wata safiya sukutum, ta ɗaure guga a bakin muciya tana nuna yadda ake jan ruwa da jigo can dauri, har ta kusa kwaɗa wa wata yarinya a ka.

Balki tana zuwa, amma wai kallo. Can baya take zama kan tsohon buhu tana ɓarar gyaɗa tana ƙirga kurakuraina. Ranar da nake fama da lissafin kashi-kashi, na maimaita na maimaita yara suna kallona kamar ina kiran sallah da yaren kudu, na fara ɗaga murya. Sai ta ce daga baya:

"Ki bar ihu, uwar ɗakina, ba kurame ba na. Ce musu ruwa na anka sako daga kanal, fangali huɗu na jira, kowane shi samu daidai."

Nan take yara suka gane, don ba wadda ba ta taɓa ganin ana raba ruwa a fangalin lambu ba. Haushi ya kama ni, na ce, "In kin isa, gina muna shi mu gani."

Ta gina. Ta tara yara suka share gefen rumfa, suka tayar da dam na yumɓu, tafkinsa kamar faɗin babbar tasa ta biki, da ƙofar ruwa ta murfin gwangwani, da kanal na tsohon tiyo da aka tsaga biyu, da ƙananan fangula da suka yafa wa shinkafa har ta tsiro shar. In ruwa ya ƙi gangara sai ta kwanta rub da ciki ta rufe ido ɗaya ta duba, ta ƙara ƙasa nan ta rage can. Kullum da safe kuma sai mu iske ƙwaryar yumɓu a bakin rumfa, dakakke, tankaɗaɗɗe, an kwaɓa shi da ƙaiƙayi kamar za a gina randa. Na ɗauka Balki ce ke sammako. Ita kuma ta ɗauka ni ce. Ba wadda ta tambayi wata, don tsakanin taubasai godiya faɗuwa ce.

Duk da haka in na taɓo zancen komawa makaranta sai ta ce, "Wanga wasa na. Makaranta daban." Hutu kuwa yana ta gudu, gero ya fara fidda kai. Sai na fito da makamina.

"Ranar rufe karatu zan tara iyaye mata duka. Gwaggo za ta tashi gaban kowa ta kira sunanki, ta yabe ki. In ta yi, kina komawa?"

Ta yi dariya har gyaɗa ta zube. "In ta yi, ko aji ɗaya anka ce in koma, na koma."

"Kin yi alkawari?"

"Na yi. Ke dai ki tanadi inda za ki sa fuskarki."

Na sa wa ranar suna Ranar Iyaye. Na je na aro lasifikar mai shelar unguwa, wadda ake cigiyar awaki da yara da ita ranar kasuwa. Don kowa ya shaida, na sa aka rataya ƙahon a reshen dogon yaro, ya fuskanci titi, daidai inda maza ke zaman majalisa bayan la'asar. Na ɗauko farin leshina na Sallah, da takalmi mai tsini da na sayo a Sakkwato ban taɓa samun inda zan sa shi ba. Farin leshi, a rumfar albasa, da damana. Inna ta dube ni sama da ƙasa lokacin da zan fita, ta ce wa bango, "Allah shi kyauta."

Mata suka cika tabarmi har waje. Komai ya tafi yadda nake so. Yara suka nuna wakensu, na duhu ya yi tsawo ya yi fari kamar mai jinya, tsofaffi suna ta salati. Wata ta karanta labarin kakarta na zamanin jigo, kakar tana gefe tana gyara mata. Sai aka zo kan dam. Aka cika tafkin da ruwa, Balki ta tsaya ta yi bayani. Ta ɗaga murfin gwangwanin nan, ruwa ya biyo kanal a hankali, ya rabu, ya sake rabuwa, ya shiga kowane fangali daidai wa daida. Mata suka miƙe suna leƙe, wata ta rangaɗa guɗa. Na waiwaya in ga Gwaggo Kulu. Tana zaune kusa da uwar mijinta, ta ba dam ɗin ƙeya, tana kallon wata kaza kamar ba ta taɓa ganin kaza ba.

Na ce yau za a yi ta ta ƙare. Na karɓi makirfo, na gyara murya irin ta masu karanta labarai.

"Iyayena mata, zamani ya canza. Yaro yana bukatar ya ji yabo daga bakin mahaifiyarsa. Saboda haka yanzu kowace uwa za ta fito ta kira sunan ɗiyarta, ta faɗi abin da take alfahari da shi. Za mu fara da Gwaggo Kulu. Gwaggo, bismilla."

Wurin ya yi tsit, har ana jin ɗigar ruwa a fangalin Balki. Gwaggo ta ja mayafi ta rufe rabin fuska, ta shiga nazarin saƙar tabarma. Uwar mijinta ta juya tana kallon rufin rumfa.

"Gwaggo, lokaci na tafiya." (Wallahi haka na ce, har da duba agogo. Agogon da ya tsaya tun kafin in bar makaranta.)

Wata ta ja mani gefen zane ta ce a hankali, "Ke, bari." Ban bari ba. Na ja waya na ratsa tsakanin mata, ina taka ƙafafun mutane da tsinin takalmi, na kai makirfo daidai bakin Gwaggo. Na ce, "Sunan ɗiyarki kawai. Kalma guda."

Ta yi magana can ƙasa-ƙasa, amma lasifika ba ta san sirri ba. Duk unguwa ta ji:

"Wace ɗiya?"

Na waiwaya wurin Balki. Tana tsaye da murfin gwangwani a hannu. Ba ta yi kuka ba, da ma ta yi. Ajiye murfin ta yi a hankali, ta fara laluben takalminta a cikin tarin takalma. A nan na gane abin da na aikata: abin da take zargi a ɓoye, na sa an tabbatar mata da shi a lasifika. Mai hankali a nan zai tsaya. Ni kuwa sai na ƙara wuta, na shiga faɗa, wai wannan kunyar ita ta hana mu ci gaba, wai a birni ba haka ake yi ba.

"Malama."

Hajiya Tumba ce. Ba ta bukatar makirfo.

"Mai koyar da rawa shi ka fara taka ƙasa. Ga uwakki can zaune, ke ma ta fari ta. Fara da gida, mu gani mu koya."

Wata dama ke nan ta in yi dariya in ba da haƙuri. Ban ɗauka ba. Na juya, ƙwas ƙwas ƙwas, har gaban Inna. Innata 'yar ƙaramar mace ce mai sanyin magana, akwai maƙwabtan da suka shekara ba su ji muryarta ta haura katanga ba. Na ce, "Inna, nuna musu. Faɗi sunana."

Ta dube ni. Sai ta miƙo hannu ta karɓi makirfo, ta miƙe tsaye. Zuciyata ta yi fari ƙal, na ce ashe dama jira take a tambaye ta. Har na gyara tsayuwa don rungumar da za ta biyo baya. Ta ƙwanƙwasa kan makirfo da yatsa, ta hura shi sau biyu, daidai yadda mai shela ke yi ranar kasuwa.

"Salamu alaikum jama'a. Cigiya, cigiya. An tsinci wata yarinya nan rumfar Hajiya Tumba. Doguwa ta, da farin leshi da takalmi mai tsini. Bakinta ya fi ƙafarta sauri. Ta ce ta yi boko Sakkwato. Duk wanda ya san iyayenta, don Allah shi zo shi tai da ita, ta ishe mu."

Ban taɓa jin dariya irin ta ran nan ba. Mata suna faɗuwa kan juna, Hajiya Tumba tana dukan ƙasa da mafici, uwar mijin Gwaggo har ɗankwalinta ya zame. Kafin ta lafa sai ga ta maza ta taso daga titi. Daga bayan katanga wani ya amsa da ƙarfi, "A bincika Rimawa, ba tamu ba ta."

Muryar babana ce.

Na fara ja da baya, ina murmushin da ba na kowa ba, ina neman inda ƙasa za ta tsage. Tsinin takalmi ya harɗe da wayar lasifika. Na ji ina tafiya, na kai hannu in kama iska, sai ga ni zaune daɓas a tsakiyar tafkin dam ɗin Balki. Ruwan laka ya yi tsalle har kan ɗankwalina. Ƙafafu a sama, takalmi ɗaya ya bi kanal. Farin leshi ya koma kalar kunun kanwa.

Inna ko kallona ba ta yi ba. Bangon dam ɗin take kallo. Ta ce wa yara, har yanzu da makirfo a hannu, "Ku duba muna, ya tsage?"

Suka duƙa suka duba ta ko'ina, suna leƙawa ta ƙarƙashin gwiwoyina. Suka ce bai tsage ba.

"Ikon Allah. Wanga kaya duka ya faɗa mai, bai motsa ba. Wa yag gina shi?" Ta juya wajen tarin takalma. "Balkisu. Aje takalmin ga ki zo nan, Balkisu ɗiyar Kulu."

Ita ba uwarta ba ce, ba abin da ya hana ta kiran sunan, kuma ta kira shi da dukan bakinta. Balki ta taho kanta a ƙasa. Inna ta dafa ta.

"Ni ban yi boko ba, amma na san hannu mai albarka in na gan shi. Yarinyar da ta raba ruwa ba ta zalunci fangali ko guda ba, ba a barin ta bakin turmi. Kuma bari in gaya maki abin da ba ki sani ba. Kin san wa ka kawo maki yumɓu? Wata mata ta, ba ni faɗin sunanta. Kullum da sassafe tana bin masu ginin tukwane har bakin gulbi, ta ɗebo, ta daka, ta tankaɗe, ta aje bakin rumfa ta wuce kamar ɓarauniya. Ran da kinka ce kin bar boko, matar ga ba ta ci tuwo ba. Ɗakina ta zo ta zauna, tac ce, Yaya, waccan ta fi ni kai, ina tsoron ta ƙare irina."

Gwaggo Kulu ta dunƙule cikin mayafi gaba ɗaya, sai murya ke fitowa: "Yaya, kin kashe ni. Yaya, ki ji tsoron Allah."

Balki ta juya wajen uwarta. Kallon dunƙulen mayafin nan kawai take yi.

Can sai mayafi ya buɗe. Gwaggo ta miƙe, ido ja, ta fizge makirfo daga hannun Inna. "Tunda tonon asiri anka zo yi, to a yi shi duka." Ta juyo kaina, ta kira sunana cikakke har da na babana. "Ke da ke zaune cikin ruwa. Kina tsammanin wa'azinki ya kawo yaran ga? Wallahi ba wadda ta gane abin da kinka ce, kina zuba kamar rediyo mai sabon batir. Wata mata ta, ni ma ba ni faɗin sunanta, ta bi sawunki gida gida tana ba mutane haƙuri. Tana cewa, ku ba ta Rimawa yaranku, bakinta na da kaifi amma ta iya, kuma ba ta ƙyashin abin da ta sani."

Na nemi Inna da ido. Ta riga ta zauna, ta samu tata kazar tana kallo.

Duk wannan fa ina cikin ruwa. Ba wadda ta tuna ta ɗaga ni, ni kuma zane ya jiƙe ya naɗe mani ƙafa. Hawaye suka zo mani, na gode wa Allah da fuskata take jiƙe da laka, ba mai iya bambancewa.

Hajiya Tumba ta buga mafici. "To ga hanya ta samu. Kowace ta ɗauki ɗiyar wata. Ke Hajo, tashi ki yi muna ta Ige, ita ta rama maki."

Haka aka yi. Makirfo ya riƙa yawo daga hannu zuwa hannu, kowace uwa ta kira ɗiyar maƙwabciyarta ta yabe ta, ta kuma tona abin da uwar ke faɗi a bayan ido, uwar tana rufe fuska tana cewa ƙarya ne. Yara suka ji abin da ba su taɓa ji ba: wadda uwarta ta hana kowa taɓa gwangwanin wakenta, wadda uwarta ke tsayawa bayan ƙyaure tana sauraron karatunta. Har waɗanda ɗiyansu ba na fari ba ne suka ce ba za a bar su a baya ba. Ba a tashi ba sai da rana ta yi ja.

Balki ce ta zo ta miƙo mani hannu. "Tashi, uwar ɗakina, kin toshe muna ruwa."

Da ta ja ni na miƙe, laka na zuba, na ce mata a hankali, "Ba ta kira sunanki ba. Na faɗi."

"Kin faɗi kam, kowa ya gani," in ji ta. Ta tsamo mani takalmina daga kanal.

Sauran kwanakin hutun ban fita ko zaure ba, kuma ban san abin da Balki ta yanke ba. Safiyar da aka koma makaranta na ɗauki tsintsiya na fita ƙofar gida, ina sharar wurin da ba datti. Yara suna ta wucewa. Har na fara cire rai, sai ga ta ta ɓullo daga lungunsu, cikin yunifom, hijabi ya sha guga har yana ƙyalli.

"Ina zuwa, baiwata?"

"Aji biyu. An ce akwai babban benci can baya, daidai ni." Ta ɗan rage tafiya. "Kuma in kinka sake aro lasifika, ni da kaina za ni kai ki Rimawa."

Daga cikin lungu muryar Gwaggo ta biyo ta, ba da kowa take ba, da iska take: "A ce ma mai tafiya ta bi ta inuwa."

Balki ta koma gefen inuwa, ta wuce.

Ta ci jarabawarta a shekarar, ta wuce gaba, yanzu in Turanci ya kakare mani ita nake tambaya, tana ja mani rai. Da damana ta zagayo, iyayen da kansu suka aiko a tambaya yaushe za a buɗe rumfa. Musayar ɗiya kuwa ta zauna daram, kowace uwa tun tsakiyar hutu take zaɓen wadda za ta yi mata, har da kai mata fura don ta gyara zance.

Abin da na koya ba shi da yawa. Uwa a garinmu tana da bakin yabo, a ɗakin aminiyarta take ajiye shi, can za ki je ki nema. In kuma har kin rantse sai kin yi wa iyayenki wa'azi gaban jama'a, to ki fara waiwayawa ki ga mi ke bayanki.